Yadda ƙwaƙwalwar tunkiya ke tsara lokacin barbara

Ƙidayar dabbobin da aka yi a Chadi tsakanin 2012 da 2015 ta nuna ƙasar na da tumaki fiye da miliyan 26. Daga cikinsu akwai tumakin Larabawa, da Uda na Fulani, da ƙananan tumakin kudu da ake kira Kirdimi. Yawan haihuwar wannan garke ya dogara ne a kan wani ɗan sashe da ke ƙasan ƙwaƙwalwar tunkiya, wanda masana ke kira haifotalamus.

Wannan sashe yana sakin wani sinadari mai suna GnRH. Yana sakinsa kaɗan-kaɗan, ya tsaya, ya sake. Sinadarin yana bi ta ƙananan jijiyoyin jini zuwa wani ƙullutu da ke ƙarƙashinsa, wato fituwitari, shi kuma ya saki LH da FSH, waɗanda ke nunar da ƙwan tunkiya. Idan ana sa'o'i da yawa kafin a sake saki, tunkiya ba ta neman rago. Idan sakin ya kai kusan sau ɗaya a kowace awa, LH yakan yi ambaliya a jini, ƙwai ya faɗo bayan kamar kwana ɗaya. Tunkiyar da ba ta ɗauki ciki ba takan sake neman rago bayan kwana 17, ciki kuwa wata biyar ne.

Da tumaki aka gano yawancin wannan ilimi. Roger Guillemin, haifaffen Faransa, ya tace sinadarin daga ƙwaƙwalen tumaki, ya kuma samu lambar Nobel a 1977 tare da Andrew Schally. A 1982 Iain Clarke da James Cummins suka auna sakinsa kai tsaye a jinin tumaki masu rai a Ostareliya.

A Turai tsawon dare ne ke ba ƙwaƙwalwa umarni, ta hanyar sinadarin melatonin, shi ya sa tumakin can ke barbara idan rana ta fara gajarta. A Paris bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta ya kai awa 8, amma a N'Djamena kusan awa ɗaya da rabi ne. Saboda haka tumakin Sahel suna iya barbara duk shekara, kuma abinci ne ya fi yin tasiri. Tunkiyar da ta rame a bazara, ƙwaƙwalwarta takan rage sakin GnRH har sai ta murmure da ciyawar damina. Dogon shayarwa ma yakan jinkirta dawowar neman rago.

Makiyayi na iya cin moriyar wannan sani. Ƙarin harawa da dusa makonni kaɗan kafin barbara yana taimaka wa tunkiya ta ɗauki ciki. Haka nan idan aka raba rago da tumakin da suka daina nemansa na wata guda ko fiye, sannan aka dawo da shi, warinsa yana ƙara sakin LH cikin mintuna. Yawancinsu sukan nemi rago bayan kwana 18 zuwa 25, su haihu kusan lokaci ɗaya, a daidai sa'ar da makiyayi ya zaɓa saboda ciyawa ko kasuwar layya.

A N'Djamena, cibiyar IRED da ke unguwar Farcha ita ce ke gudanar da binciken kiwo da lafiyar dabbobi na ƙasar.