SUNA LINZAMI: TARIHIN SAUKE MANHAJA DA SUNA KAWAI

Yau za mu leƙa tarihin wasu marubuta 'yan uwanmu, wato masu rubuta manhajar kwamfuta, mu ga yadda suka ɗora amanarsu kacokan a kan suna, da abin da hakan ya jawo musu.

Mai rubuta manhaja ba ya ƙera komai da komai da hannunsa. Yakan ɗauko guntayen aiki da wasu suka riga suka rubuta, ya harhaɗa su da nasa. Kowane guntu mu kira shi ƙunshi. A farkon shekarun 1990, samun ƙunshi wahala ce. Sai mutum ya binciko inda aka ajiye shi a intanet, ya sauke, ya gano cewa shi ma ƙunshin yana buƙatar wasu uku kafin ya yi aiki, ya koma neman waɗannan. Daga nan aka fara gina rumbuna. Masu harshen Perl suka buɗe CPAN a 1995, Debian ta fito da APT a 1998, masu Python suka kafa PyPI a 2003, sannan Isaac Schlueter ya samar da npm domin JavaScript a 2010. Aikin yini guda ya koma layi ɗaya: ka rubuta umarnin saukewa, ka bi shi da sunan ƙunshin, kwamfuta ta ɗauko shi tare da duk abin da ya dogara a kai.

A nan hanya ta rabu biyu. Debian ta sa masu gadi a bakin rumbunta, ƙunshi ba ya shiga sai ta hannun mutanen da aka tantance, kuma da sa hannu na sirri da kwamfuta ke dubawa. Wannan ya kawo aminci, ya kuma kawo jinkiri. Su kuwa npm da PyPI sai suka bar ƙofa a buɗe. Kowa na iya buɗe asusu ya ɗora nasa, kuma wanda ya riga kama suna shi ke da shi. Saboda haka suka bunƙasa da sauri, har npm ta haura ƙunshi miliyan ɗaya a 2019. Ga kuma wani abu: a rumbunan nan biyu, ƙunshi na iya fara aiwatar da umarninsa tun lokacin da ake girka shi, kafin mai kwamfutar ya buɗe ya ga abin da ke ciki.

Rikicin da ya farkar da mutane a kan suna ne. A watan Maris na 2016, kamfanin Kik na Kanada ya nemi wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya sakar masa sunan "kik" da ya riga ya kama a npm. Ya ƙi. Hukumar npm ta ba kamfanin gaskiya ta karɓe sunan. Cikin fushi ya kwashe ƙunsassansa sama da 250 daga rumbun. A cikinsu akwai wani mai suna left-pad, layi 11 kacal, wanda aikinsa cike gurbi ne a farkon rubutu. Ashe manyan ayyuka irin su Babel da React sun rataya a kansa ta bayan fage. Dubban ayyuka suka tsaya cik, sai da npm ta maido da ƙunshin cikin sa'o'i kaɗan, ta kuma ƙuntata dokar goge abin da aka riga aka wallafa.

A wannan shekarar dai, wani ɗalibi a Jami'ar Hamburg ta Jamus, Nikolai Tschacher, ya yi gwaji domin kundin kammala digirinsa. Ya ɗora ƙunshi sama da 200 masu sunaye da suka yi kama da sanannu, bambancin harafi ɗaya ko biyu, irin kuskuren da yatsa ke yi idan ana sauri. Umarninsa ya gudana a kwamfutoci fiye da 17,000. Shi bincike yake yi, bai cutar da kowa ba. Amma a 2017 aka kama na gaske a npm: wani ya ɗora "crossenv", alhali sahihin "cross-env" ne, ɗan jan layi kawai ya raba su. Na bogin yana kwashe bayanan sirri daga kwamfutar wanda ya girka shi. Kama da wane ba wane ba ne, amma kwamfuta ba ta san wannan karin maganar ba.

To ko mutum ya rubuta sunan daidai, bai tsira ba, domin suna na iya sauya hannu. A 2018, Dominic Tarr, mai ƙunshin event-stream da ake saukewa kusan sau miliyan biyu a mako, ya gaji da kula da shi kyauta. Wani baƙo ya nemi ya karɓe shi, ya miƙa masa. Baƙon ya cusa wani ɓoyayyen umarni da ke harin manhajar Copay ta ajiyar Bitcoin. Sunan yana nan yadda aka san shi, mai riƙe da linzamin ne ya canza.

Sai kuma Fabrairun 2021, lokacin da mai binciken tsaro Alex Birsan ya bayyana wata ɓaraka da ta fi waɗannan ban mamaki. Manyan kamfanoni suna da ƙunsassan cikin gida da ba su sa a rumbun jama'a ba. Birsan ya tsinto sunayensu, ya yi rajistarsu a rumbun jama'a, ya ba su lambar fitowa mai girma. Da kwamfutocin kamfanonin suka ga abu biyu masu suna ɗaya, sai suka zaɓi mai babbar lamba a matsayin sabo. Ta haka ya shiga kamfanoni sama da 35, ciki har da Apple da Microsoft da PayPal, aka biya shi ladan gano ɓaraka fiye da dala 130,000. Babu wanda ya yi kuskuren rubutu a nan. Tsarin ne ya yi abin da aka gina shi ya yi.

Magungunan da aka samo duk suna da farashi. Akwai suna mai haɗe da na mai shi, kamar yadda npm ke ba da damar sa sunan kamfani a gaba, ko yadda Maven ta Java ke neman shaidar mallaka kafin ta ba ka suna. Akwai fayil ɗin kulle, wanda ke rubuta ainihin fitowar da aka girka tare da tambarin lissafinta, ta yadda ko harafi ɗaya aka sauya za a gane. Akwai tantancewa mai mataki biyu, wadda PyPI ta wajabta wa duk masu wallafawa daga farkon 2024. Kowanne daga ciki ya ƙara wa suna tsawo, ko ya ƙara wa aiki mataki, ko ya sa gyara ya makara kafin ya isa ga masu buƙatarsa. Shi ya sa har yau ba a rufe ƙofar ba. Buɗewarta ce ta ba ɗalibin da ba shi da kowa damar wallafa aikinsa kusa da na manyan kamfanoni, kuma ta nan ɗin ɓarawo ke shiga.

Mu ma abin ya shafe mu. Duk ranar da muka shiga Play Store muka rubuta sunan manhajar rubutu ko ta banki, muka danna ta farko da ta fito, amanar nan muke bayarwa. Mu riƙa duba sunan wanda ya wallafa ta, mu bi ta shafin kamfanin na ainihi, mu guji manhajar da aka turo mana a WhatsApp ko da sunanta sananne ne. Sannan mun san yadda ake ɗauke labarin marubuci a cire sunansa a liƙa wani, ko a buɗe shafi da sunan alƙalaminsa ana karɓar kuɗin masu karatu.

Tambayarmu ta wannan mako: wace shaida muke ba masu karatunmu, bayan suna, da za su tabbatar cewa rubutun da ya iso musu daga hannunmu ya fito? Muna jiran ra'ayoyinku. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.