Sitiyari Ya Yi Lako-Lako: Yadda Za Ka Gano Matsalar Da Yadda Ake Gyara Ta

Da zarar kaka ta kama, motocin manoma a Safana da Batsari ba su da hutu. Akori-kura na ɗauko gero da dawa da rogo daga gona zuwa kasuwa, a kan hanyoyin da ruwan damina ya zaizaye ya bar ramuka. Irin wannan aiki shi ke cinye ƙafar gaba, kuma alamar farko ita ce sitiyari ya fara wasa. Kada ka raina shi. Idan tayirod ya cire ana cikin tafiya, tayar ba ta ƙara bin sitiyari, ga kaya ga mutane a baya.

Alamomin da za ka lura da su

Mota na yawo a kan titi, kana ta tarota hagu da dama. Kana jin ƙwas-ƙwas in ka faɗa rami ko kana shan kwana. Tayoyin gaba na cinyewa ta gefe guda. Wani lokacin sitiyarin na karkarwa a hannu.

Gwajin farko

Ajiye motar a fili mai baje, tayoyi a miƙe. In mai fawa ce, ka tada inji. Juya sitiyari a hankali har ka ga taya ta fara motsi. Wasan da ke tsakani kada ya wuce santimita 3, wato kusan faɗin yatsu biyu. In ya wuce, akwai abin da ya ci.

Kafin ka nufi gareji, duba masu sauƙi: iskar taya da notocin taya. Sannan ka lura da lodi. Buhuna in sun taru a can ƙarshen bodi, gaban mota ya kan yi sakayau, sai ka ji kamar sitiyari ne ya lalace alhali lodi ne.

Gano inda wasan yake

1. Ka sa wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, kai kuma ka leƙa ƙasa da tocila. Bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙarfe ɗaya ya motsa amma na kusa da shi ya yi jinkiri, nan ne matsalar.
2. Ja birkin hannu, sa duwatsu a tayoyin baya, ka ɗaga gaba da jak, ka tokare da katako mai ƙarfi. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.
3. Kama tayar gefe da gefe ka girgiza. In akwai wasa, galibi tayirod ne.
4. Kama sama da ƙasa ka girgiza. Wasa a nan boljoyin ne ko boris. Ka sa a taka birki ka sake gwadawa: in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne.
5. Duba robobin da ke rufe mahaɗan. Robar da ta yage ta bar ƙura ta shiga giris, daga nan sai ci.

Gyara

Tayirod da boljoyin da suka ci, canza su ake yi. Cusa roba ko fata a ciki, ko buga su da guduma, ko yi musu walda, yaudarar kai ce. Wurin cire tsohon tayirod a ƙirga zagaye nawa ya yi, a mayar da sabon haka nan, a sa sabon fil a notin, ba ƙusa ba. Bayan nan dole a yi alaimen, in ba haka ba sabbin tayoyi za su cinye kafin a gama kaka.

Sitiyari iri biyu ne. Peugeot 504 da Hilux na 2005 zuwa yau rak gare su. A nan ana duba tayirod na ciki da bushin da ke riƙe rak ɗin. Tsofaffin Hilux da manyan motoci kuwa akwatin sitiyari gare su, mai sukurun saiti da noti a samansa. Ana sassauta notin, a ɗaure sukurun kaɗan-kaɗan, tayoyi a miƙe, ana yi ana gwadawa. In aka matse da yawa, sitiyari ba zai komo da kansa bayan kwana ba, wannan kuma wani haɗarin ne. Gara ka bar wa makaniken da ya san aikin.

A mota mai fawa, duba man sitiyari da bel. Ƙarancin mai ya fi jawo tauri da kuka, ba wasa ba, amma yoyon mai a rak alama ce ta cewa ya fara gajiya.

Masu tarakta irin Massey Ferguson, wannan gwajin ya shafe ku. Ku ƙara da duba kinfin da fil ɗin da gatarin gaba ke lilo a kansa, ku riƙa ba su giris a kan kari.

Yaushe za a ajiye mota?

In kana ganin tayirod na rawa da ido, ko noti ya rasa fil, ko sitiyari na sarƙewa, kada a yi lodi. A sayo kayan daga Dutsin-Ma ko Katsina, a kira makanike ya zo inda motar take. Lokacin da ya fi dacewa da wannan bincike shi ne ƙarshen damina, kafin a fara kwasar amfani. Kuɗin tayirod biyu bai kai asarar lodi guda ba, balle rai. Allah ya tsare hanya.