Daga A Zuwa Z: Yadda Haruffa Suka Jera Waƙoƙin Turawa

Duk wanda ya buɗe fihirisar shahararrun waƙoƙin Amurka da Ingila ya tsaya a kan harafin H, zai tarar da wata maƙwabtaka mai ban mamaki. "Hello" ta Adele, wadda ta fito a 2015, ita ce a gaba. Can ƙasa kaɗan ga "Hey Jude" ta ƙungiyar Beatles daga 1968, sai "Hotel California" ta Eagles, sannan "Hound Dog" da Elvis Presley ya rera a 1956. Kusan shekara sittin ke tsakanin ta farko da ta ƙarshe, kiɗansu ba ɗaya ba, masu sauraronsu ba ɗaya ba. Harafi kawai ya tara su. Wannan tsari yana da tarihi, kuma a fagen waƙa tarihin nasa ya fi jingina da kuɗi fiye da fasaha.

Dabarar kanta tsohuwa ce. A ɗakin karatu na Iskandariyya, cikin ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an jera sunayen marubuta bisa harafin farko. Almajirin da ya karanta Ishiriniya ma ya san wani nau'in wannan aiki, domin Alfazazi ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya, sai dai shi harafin ƙarshen baiti ya kama, wato na amsa-amo. A Ingila kuwa, har a 1604 sai da Robert Cawdrey ya yi wa masu karanta ƙamusunsa bayanin yadda ake neman kalma ta bin haruffa.

Abin da ya kawo tsarin cikin kasuwar waƙa shi ne haƙƙin mallaka. A 1914 marubuta waƙoƙi da kamfanonin da ke mallakar waƙoƙin suka kafa ƙungiyar ASCAP a New York don karɓar kuɗi daga duk inda aka kaɗa waƙarsu. Da gidajen rediyo suka ga kuɗin ya yi musu yawa, sai suka kafa tasu, BMI, a 1939, suka kuma ƙaurace wa waƙoƙin ASCAP a mafi yawan shekarar 1941. BMI ta buɗe ƙofa ga mawaƙan karkara da baƙaƙen fata waɗanda tsohuwar ƙungiyar ba ta cika kulawa da su ba, kuma daga cikin kiɗansu ne kiɗan rock ya tsiro. Kowane gidan rediyo sai ya san wace ƙungiya ce ke da wace waƙa. Sunan mawaƙi ba zai warware wannan ba, domin mutum goma na iya rera waƙa ɗaya, kuɗin kuwa na marubuci ne da kamfaninsa. Abin da ba ya canzawa shi ne sunan waƙar, don haka da shi ake nemanta a littafin rajista.

Ana ganin wannan ƙarara a mujallar Billboard. Ranar 4 ga Agusta 1958 ta fara buga jadawalin Hot 100, inda "Poor Little Fool" ta Ricky Nelson ta zo ta ɗaya. Jadawalin jeri ne na daraja, wanda ke canzawa kowane mako. Amma a shekarun 1960, a shafin nan dai, da ƙananan haruffa, akwai wani jerin na waƙoƙin nan ɗari daga A zuwa Z, kowace da sunan kamfanin da ya mallake ta da ƙungiyar da ke karɓar kuɗinta. Babban jeri na matasa ne masu son sanin wa ya hau, wa ya faɗo. Ƙaramin na 'yan kasuwa ne masu son sanin wa za a biya.

Wanda ya mayar da wannan aikin akawu ya zama taskar tarihi shi ne Joel Whitburn, mutumin jihar Wisconsin, wanda ya riƙa rubuta matsayin kowane faifai a kan ƙananan katuna. A 1970 ya kafa kamfanin Record Research, littattafansa kuma suka zama abin dogaron masu gabatar da shirye-shiryen rediyo har ya rasu a 2022. A Ingila, littafin Guinness na waƙoƙin da suka shiga jadawali ya fito a 1977, daga hannun Tim Rice da ƙanensa Jo, da Paul Gambaccini da Mike Read. Littattafan biyu duk suna da sashen mawaƙa, suna kuma da fihirisar sunayen waƙoƙi.

A wannan fihirisa ne tsarin haruffa ya yi wani aiki da ba don shi aka ƙirƙire shi ba. Jadawalin mako-mako yana nuna wanda ya ci kasuwa, ya yi shiru a kan wanda ya riga shi. Fihirisa kuwa ba ta san daraja ba, sai ta ajiye su kafaɗa da kafaɗa. A ƙarƙashin "Tutti Frutti" mai karatu zai ga Little Richard, wanda ya fitar da ita a 1955, da kuma Pat Boone, farar fata, wanda tasa mai sanyi ta fi hawa jadawali a 1956. A ƙarƙashin "Respect" akwai Otis Redding a 1965 kafin Aretha Franklin a 1967. "I Will Always Love You" da duniya ta sani a bakin Whitney Houston a 1992, Dolly Parton ce ta rubuta ta, ta fitar da ita a 1974. Idan fihirisar ta haɗa da jadawalin kiɗan baƙaƙen fata, har "Hound Dog" ɗin nan za ta nuna Big Mama Thornton a 1953, shekara uku kafin Elvis. Wanda ke neman sanin yadda kiɗan baƙaƙen Amurka ya ƙaura zuwa hannun wasu, shafukan nan marasa ado sun fi masa jawabai da yawa amfani.

Sai dai fihirisa tana haɗa 'yan uwa, tana kuma haɗa masu suna ɗaya da ba su san juna ba. Dokar haƙƙin mallaka ba ta kare sunan waƙa, kowa na iya ɗauka. Tsakanin ƙarshen 1984 da ƙarshen 1985 waƙoƙi uku mabambanta masu suna "The Power of Love" suka shahara: ta Frankie Goes to Hollywood da ta Jennifer Rush kowace ta zo ta ɗaya a Ingila, ta Huey Lewis and the News ta zo ta ɗaya a Amurka. "Hello" ɗin Adele ma tana da takwara, ta Lionel Richie daga 1984.

Haruffan kansu ba a raba musu gado daidai ba. Harafin I ya cika maƙil, saboda shi ne "ni" a Turanci, kuma mawaƙin soyayya da kansa yake farawa. X kuwa kusan kufai ne, "Xanadu" ta Olivia Newton-John da ELO daga 1980 tana zaune cikin 'yan ƙalilan. Ga kuma hukunce-hukuncen da mai jerawa zai yanke shi kaɗai. Shahararriyar waƙar Rolling Stones ta 1965 tana da kalmomi huɗu cikin baka-biyu kafin kalmar "Satisfaction": a I za ta zauna ko a S? "1999" ta Prince fa, gaban A ko ƙarƙashin N? Yawancin masu jerawa sun yarda a tsallake "The" a farkon suna, in ba haka ba T za ta haɗiye littafin. Tsarin da ake ɗauka ba ruwansa da ra'ayin kowa, ashe cike yake da ra'ayin akawu.

Muddin jerin yana kan takarda, zama na farko ba ya ƙara wa waƙa komai, domin mai karatu tsallakawa yake zuwa harafin da yake nema. Na'ura ce ta canza wannan. Kamfanin Apple ya fitar da iPod a Oktoba 2001 da alkawarin waƙa 1,000 a aljihu, kuma jerin waƙoƙinta bisa haruffan sunayensu yake. Da wayar iPhone ta gaji wannan jeri, aka fara jona ta da rediyon mota, sai motoci da yawa suka riƙa kunna waƙar farko a jerin da kansu, ba tare da an tambaye su ba. Direbobi suka yi ta jin "A-Punk" ta Vampire Weekend ko "The A Team" ta Ed Sheeran kowace safiya, har waƙar da suka saya don so ta gundure su.

A Agusta 2017 wani mai suna Samir Mezrahi ya sanya wata waƙa a kasuwar iTunes mai suna "A a a a a Very Good Song". Babu kiɗa a cikinta, babu murya, shiru ne na kusan minti goma, isasshen lokacin da direba zai zaɓi abin da yake son ji. Sunanta kawai shi ne hajar, domin babu abin da zai riga ta a jeri. Farashinta santi 99, kuma cikin 'yan kwanaki ta shiga sahun waƙoƙi 100 da aka fi saye a iTunes a Amurka.