Daga Burushi Zuwa Yatsa: Tarihin Yi Wa Hoto Kwalliya

Lokacin da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a shekarar 1839, kyamara ba ta san launi ba. Sai masu sana'ar suka riƙa ɗaukar siririn burushi suna shafa wa kumatu ja, riga shuɗi. Ke nan auren hoto da zane ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Mu a ƙasar Kano, idonmu ya saba da zane tun kafin hoto ya wadata. A kasuwanni irin ta Ɗanbatta, wadda ke ci ranar Lahadi, mun taso muna ganin kalanda mai surar Shehu Ahmadu Tijjani, alhali ya rasu a 1815, shekara 24 kafin a bayyana waccan fasaha. Hannun mai zane ne ya ba shi fuskar da muka sani. Haka aka riƙa zana jikin manyan motoci da bangon littattafan soyayya a shekarun 1980 da 1990. A shagon mai hoto ma labule ake ratayawa mai zanen gidan bene ko lambu, manomi ya shigo ranar Sallah da sabuwar babbar riga, ya tsaya a gaban benen da bai taɓa hawa ba.

A 1990 kamfanin Adobe ya fitar da Photoshop, a shekarar da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano. Daga baya masu fastar finafinan Hausa da ta 'yan siyasa suka rungumi manhajar. Wayar salula ta GSM ta zo Nijeriya a 2001, sannan a 2016 manhajar Prisma ta sa mai riƙe da waya yana mai da hoto zanen fenti da taɓawa ɗaya.

A yau matasanmu kan ɗauko tsohon hoton kaka daga ƙasan akwati, su zuba masa launi, su watsa a WhatsApp. Niyyar mai kyau ce, amma manhaja ba ta san bambancin tsaga da tabo ba. Tana goge billen da wanzami ya yi, ta haskaka fata, ta mai da rinin Kura shuɗin kanti. Tsagar nan kuwa ita ke faɗa mana asalin mutum da danginsa, kuma yanzu iyaye kaɗan ne ke yi wa 'ya'yansu. In ta ɓace a fuska, ta ɓace a hoto, jikoki ba su da inda za su gan ta.

Mu yi kwalliyarmu, amma mu adana hoton asali, mu rubuta a bayansa sunan mai shi da garinsu da shekarar da aka ɗauka.