Kabari Biyu, Albarka Mai Yawa

'Yan'uwa matasa cikin Almasihu, idan aka buɗe lokacin shaida ranar Lahadi, yawancinmu muna maganar aikin da muka samu, ko mota, ko aure. Waɗannan alheri ne daga Ubangiji, ya kamata mu gode. Amma tarihin yadda bishara ta iso wurinmu zai tuna mana cewa albarka ta fi haka faɗi.

Ranar 4 ga Disamba 1893, samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Nufinsu su kai bishara cikin “Sudan”, sunan da Turawa suke kiran ƙasashen da ke kudu da hamadar Sahara, har da ƙasar Hausa. Babu ƙungiyar mishan da ta yarda ta aiko su, da ɗan abin da ke hannunsu suka taho. A Legas ma wani babban ɗan mishan ya gargaɗe su cewa ba za su taɓa ganin Sudan ba.

Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, ya tsaya a Legas yana aika musu guzuri. Sauran biyun suka nufi arewa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent kuma a Bida. Ba su gina majami'a ba, ba su yi wa kowa baftisma ba. Bingham ya koma gida shi kaɗai, ya je ya gaida mahaifiyar Gowans da 'yan kayan ɗanta. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mai da shi gida. Sai a 1902 waɗansu abokan aikinsa suka kafa tasha ta farko a Patigi, ƙasar Nufawa. Daga wannan aiki na SIM aka sami ECWA a 1954, da asibitin Galmi a Nijar a 1950.

Da ma'aunin da muke amfani da shi yau, da mun ce Gowans da Kent ba su da albarka. Amma manzo Bulus yana kurkuku lokacin da ya rubuta wa Afisawa cewa Allah ya riga ya ba mu kowace albarka ta ruhaniya cikin Almasihu (Afisawa 1:3-14). Abin da ya lissafta shi ne zaɓe, zama 'ya'yan Allah, fansa, gafarar zunubai da hatimin Ruhu Mai Tsarki. Zazzaɓi bai ƙwace wa waɗannan samari ko ɗaya daga ciki ba.

Wannan ya kamata ya sa mu tawali'u. Muna cin 'ya'yan itacen da waɗansu suka dasa, ba su ko zauna inuwarsa ba. Bayansu kuma akwai masu bishara 'yan ƙasa da suka taka ƙauyuka da ƙafa, yawancinsu ba mu san sunayensu ba. To, da me za mu yi fahariya?

Kai da kake koyar da yara uku a makarantar Lahadi, ke da kike addu'a domin iyayenki shekara da shekaru ba ki ga canji ba, kada ku karaya. Namu shi ne aminci, girbi na Ubangiji ne. Bari ya ba mu zuciyar da za ta yi hidima ko ba wanda ya tafa mana. Amin.