Cibiyar Duniya: Daga Dutsen Kwatarkwashi Zuwa Kogin Kebar

Da kalma guda Bahaushe yake kiran alamar da ke tsakiyar cikin mutum da kuma wurin da al'amura suke haɗuwa: cibiya. Idan ya tashi nuna asalinsa sai ya ce ga garin da aka binne cibiyarsa. Wannan tunani ya girme mu, ba kuma namu ne mu kaɗai ba. Al'ummai da yawa sun dubi wani dutse ko wani birni nasu, sun ce a nan sama da ƙasa suka haɗu, sauran duniya kuwa gefe ce.

Helenawa na dā sun ajiye wani sassaƙaƙƙen dutse a garin Delfi, suna kiransa da kalmarsu mai ma'anar cibiya. Labarinsu ya ce babban allahnsu, Zeyus, ya saki mikiya biyu, ɗaya daga ƙarshen gabas, ɗaya daga ƙarshen yamma, suka yi ta tashi har suka gamu a bisa Delfi. Sinawa har yau suna kiran ƙasarsu da suna mai nufin Daular Tsakiya. A Roma, Kaisar Augustas ya kafa ginshiƙi mai ruwan zinariya a shekara ta 20 kafin haihuwar Almasihu, alamar cewa hanyoyin daular duka daga nan suke tashi. Yarabawa sun riƙe cewa a Ile-Ife aka fara shimfiɗa ƙasa a kan ruwa. Ko layin Girinwic na Landan, wanda wani taron ƙasashe a birnin Washintan ya amince da shi a 1884 domin auna taswira da lokaci, ba a sama aka zana shi ba. Ingila ce mai jiragen ruwa a zamanin, shi ya sa layin ya bi ta ƙofar gidanta.

Mu ma a nan muna da namu. Wanda ya taso daga Tsafe zai shiga Gusau ba zai rasa ganin Dutsen Kwatarkwashi ba, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, ya tokare sama kamar an dasa shi da hannu. Kakanninmu Maguzawa sun ɗauke shi mazaunin iskoki, a can kuma bautar Magiro ta yi ƙarfi, har mutane daga nesa suna zuwa da bukatunsu. Tsofaffi suna ba da labarin bikin shekara da samari kan hau dutsen su kamo mikiya. (Mai karatu zai lura mikiya ta sake fitowa, kamar a Delfi. Tsuntsun da ya fi kowa nisa a sama, da wuya mutum bai ɗora masa saƙon alloli ba.) Ban yarda mu yi wa waɗannan kakanni dariya ba. Tambayar da ta kai su gindin dutsen tambaya ce ta gaskiya: ina za mu tsaya a ji kukanmu? Amsar ce ta gaza.

Kusa da Tsafe kuma akwai 'Yandoto, wadda ta zama cibiya ta wata fuska, wato ilimi. Almajirai sun riƙa zuwa karatu wurin malamanta tun kafin jihadi, tarihin baka na Katsina ma ya ce daga can Korau ya fito. Da malaman suka ƙi bin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Muhammadu Bello ya auka wa garin wajen shekarar 1806, malaman suka watse, littattafai suka salwanta. Daga 'Yandoto ne jama'ar Malam Sambo Ɗan Ashafa suka fito suka kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. Jirgin ƙasa ya iso, ciniki ya bi shi, a ranar 1 ga Oktoba 1996 kuma Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara. Birnin Zamfara kansa Gobirawa sun ci shi a ƙarni na 18, Alƙalawa ta Gobirawan ita ma ta faɗi a 1808. A ɗan wannan yanki namu, cibiya ta yi ƙaura sau da dama cikin shekaru ƙasa da 300.

To, Urushalima fa? A nan ya kamata mai bi ya yi hankali, domin Littafi Mai Tsarki da kansa, a Ezekiyel 5:5, ya ce Allah ya sa ta a tsakiyar al'ummai, a 38:12 kuma kalmar Ibraniyancin da aka yi amfani da ita tsofaffin masu fassara cibiya suka mai da ita. Kiristocin Turai sun ɗauki wannan a zahiri. Taswirar Herefod ta Ingila, wadda aka zana wajen 1300, ta sa Urushalima daidai tsakiya, a cikin Majami'ar Kabari Mai Tsarki kuma har yau akwai wata alamar dutse da ake nuna wa baƙi a matsayin cibiyar duniya. Amma wanda ya karanta sura ta 5 ɗin har ƙarshe zai ga ba kirari ake yi wa birnin ba, ƙara ake karanta masa: an sa ta a tsakiya domin a ga biyayyarta, sai aka ga tawayenta. Babiloniyawa suka ƙone Haikali a 586 kafin haihuwar Almasihu, Romawa suka rushe na biyu a shekara ta 70.

Samariyawa kuwa Dutsen Gerizim suka riƙe, Yahudawa ma sun rushe musu haikalinsu a can a ƙarni na 2 kafin Almasihu. Wannan tsohuwar gaba ce matar nan Basamariya ta ajiye a gaban Yesu a bakin rijiya, a Yahaya sura ta 4. Bai ce duwatsun biyu ɗaya suke ba, ya faɗa mata a fili cewa ceto ta wurin Yahudawa ya zo. Sa'an nan ya sanar da ita lokaci ya yi da sujada ga Uba ba za ta rataya ga wannan dutse ko wancan birni ba, sai ga Ruhu da gaskiya.

Wannan magana ta shafe mu ta hanya biyu. Ta fari ƙarama ce: masu zuwa ziyarar Urushalima su dawo su liƙa haruffa biyu a bayan sunansu. Ziyarar tana da amfani, tana buɗe wa mutum ido ga Nassi, amma ba ta matso da kowa kusa da kursiyin alheri fiye da gwauruwar da ba ta taɓa wuce Funtuwa ba.

Ta biyun ita ce mai nauyi. A shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Tsafe da Bunguɗu da kewayen Gusau, Musulmi da Kirista duka sun sha wannan ɗaci. A cikin ikilisiyoyinmu akwai waɗanda suka bar gona da kaburburan iyaye da ɗakin sujadar da suka gina da hannunsu, suna zaune a ɗakin haya a bayan gari. Wasunsu suna tambaya a ɓoye ko addu'arsu tana isa, tun da an raba su da inda aka binne cibiyarsu.

Ezekiyel ɗin nan da muka ambata shi ma ɗan gudun hijira ne. Firist ne, aikinsa a Haikali ya kamata ya kasance, amma aka kwashe shi zuwa Babila a 597 tare da Sarki Yehoyakin. A can, a bakin kogin Kebar, a ƙasar masu bautar gumaka, sama ta buɗe masa, ya ga kursiyin Allah a bisa ƙafafun karusa masu tafiya kowace fuska ba tare da sun juya ba. Waɗanda suka rage a Urushalima suna cewa ƙasar tasu ce, kamammun nan sun yi nisa da Ubangiji. Amsar tana a sura ta 11, aya ta 16, inda Allah ya yi wa warwatsattun alkawari shi da kansa zai zama musu wuri mai tsarki a ƙasashen da suka shiga. Kafin surar ta ƙare, annabin ya ga ɗaukakar Ubangiji ta tashi daga tsakiyar birnin, ta tsaya a bisa dutsen da ke gabas da shi.