Hannun ɗan Adam da na biri

Hannun ɗan Adam yana da ƙasusuwa 27, kamar na cimfanzi, birin da ya fi kowane kusanci da mutum. Bambancin yana cikin tsawon yatsu da irin tsokar da ke motsa su. (Kalmar "biri" a Hausa ta haɗa masu wutsiya, irin su jan biri, da marasa wutsiya, alhali masana suna raba su.)

Siffa

Cimfanzi yana da dogayen yatsu masu lanƙwasa da gajeren babban yatsa, siffar da ta dace da rataya a reshe. Yatsun mutum gajeru ne, babban yatsansa kuma dogo ne mai ƙarfi, yana iya haɗuwa da cikin kowane yatsa. A 1956 John Napier, masani ɗan Birtaniya, ya kasa riƙo gida biyu: riƙon ƙarfi, kamar na ƙotar fartanya, da riƙon ƙwarewa, kamar na allura ko alƙalami. A na biyun ne mutum ya yi wa birai nisa.

Ƙarfi

An daɗe ana cewa cimfanzi ya ninka mutum sau biyar a ƙarfi, maganar da ta samo asali daga gwaje-gwajen shekarun 1920, kuma akwai zuzutawa a ciki. Binciken da Matthew O'Neill da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna tsokar cimfanzi ta fi ta mutum da kimanin ninki 1.35, domin kusan kashi biyu cikin uku na zarenta mai saurin fizga ne. Tsokar mutum ta fi yawan zare mai jimiri, wanda ba ya saurin gajiya.

Kayan aiki

Kayan dutse mafi tsufa da aka gano, a Lomekwi ta Kenya, sun kai shekara miliyan 3.3. Cimfanzin gandun dajin Gashaka Gumti ma suna amfani da tsinke wajen ciro zuma da tururuwa.

A ƙasar Kabi

A bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, akwai gasar kamun kifi da hannu. Masunci yana laluben kifi a ruwan da ido ba ya gani, da jijiyoyin ji na kan yatsu, sannan ya damƙe shi duk santsinsa.